Zinariya ta tsira, labarinta ya ɓace

A babban gidan kayan tarihi na Atina, hedkwatar ƙasar Girka, akwai wani ɗan faifan zinariya da ya haura shekara 2000. A tsakiyarsa maƙeri ya fitar da kan mace da kafaɗunta, da kwari a bayanta. Ita ce Artemis, wadda Girkawan da suke bauta wa a matsayin uwargijiyar daji da farauta. Siraran sarƙoƙi sun kewaye faifan kamar raga, domin matar attajiri ta rufe ƙullin gashinta da shi a ƙeya.

Irin wannan ado ya bunƙasa ne bayan rasuwar Iskandari, sarkin Makedoniya, a shekarar 323 kafin haihuwar Annabi Isa. Yaƙe-yaƙensa sun buɗe taskokin Farisa, zinariya ta kwararo hannun Girkawa. Maƙeri yakan buga fallen zinariya ta baya har siffa ta taso, sannan ya ƙawata gefen da zaren zinariya da duwatsu masu daraja.

Sai dai faifan bai fito ta hannun masu bincike ba. Wajen 1929 aka tono shi tare da wasu kayan ado, dillalai suka rarraba su. Wani kaso ya shiga hannun Eleni Istatatos, wadda ta bai wa ƙasarta tarin kayanta kyauta a 1957, wani kuma yana gidan tarihi na Benaki. Har yau masana ba su daidaita kan inda aka samo su ba: wasu sun ce Karpenisi, wasu sun ce yankin Tesaliya. Kabari ne ko ɓoyon gudun yaƙi? Mai haƙa ya tafi da amsar.

Nijar ta san wannan ciwo. A 1983 Bube Gado na jami'ar Yamai ya tono mutum-mutumin yumɓu a Bura, cikin yankin Tera. Bayan an nuna su a Faris a 1993, ɓarayin tarihi suka afka wa wurin.

Ɗan kasuwar da aka kawo wa tsohon abu, da ma'aikacin duwan da ke kan iyaka, tambaya guda ce ta kamace su: daga ina ya fito? Zinariya ana iya auna ta kowace rana, amma ramin da aka rushe ba ya sake ba da shaida.