Arduino ɗinka ba jabu ba ne, agogo ka taɓa

1/ Jama'a, a daina yi wa Arduino ƙazafi. Da Serial Monitor ya fara zubo tarkacen haruffa, sai manyan guruf su ce "jabu ne, ɗan China ne, sayo wani." Haba! Kuɗin nan iyayenmu albasa da gero suka sayar kafin su turo.

2/ Yawancin masu wannan kukan abu ɗaya suke haɗawa: na'urar auna damshin ƙasa don noman rani a Boɗinga da Shagari. Batir ƙarami, sola ƙarama. Sai a rage saurin agogo don caji ya kai asuba. Dabara ce mai kyau. Amma wa ya sanar da serial?

3/ ATmega328P da ke kan Uno na gudu a 16 MHz. Serial ba shi da agogon kansa, wannan yake rabawa da lambar da ke cikin UBRR. A lissafin datasheet, baud 9600 na buƙatar 103 a 16 MHz, 51 a 8 MHz.

4/ Ka raba agogo biyu ta CLKPR, lambar na nan yadda take. Guntun yana magana a 4800, kwamfuta na saurare a 9600. Ina za su fahimci juna? Gwada: mayar da Monitor 4800, rubutunka zai dawo tas. Ina jabun?

5/ Masu cewa "sake kiran Serial.begin(9600) kawai", ku ma da sauranku. F_CPU tun wajen compile aka kafe shi, har yanzu 16 MHz ya sani. Lambar ɗazu zai sake rubutawa.

6/ Gyaran: Serial.flush() tukuna, ragowar saƙo ya fice. Canza CLKPR. Serial.end(). Sannan Serial.begin(19200), wanda a rabin gudu 9600 zai fito, ko ka lissafa UBRR da hannunka. Kuma delay(1000) ya zama daƙiƙa 2. Famfon da ka ba minti 10 zai yi 20 yana kwarara ruwa a gonar mutane.

7/ Za a ce ɗalibi ba shi da lokacin datasheet, difens ya matso. Na ji. Amma babin USART kaɗai ake magana, har da teburin baud a ciki. Jiran sabon bod daga Kano ko Legas ya fi karanta shi cin lokaci, kuma da ka ɗora masa code ɗin nan tarkacen zai dawo.

8/ Masu cire crystal su koma agogon ciki na 8 MHz: kamfani ya ce zai iya kaucewa har kashi 10 cikin 100, serial kuwa kusan kashi 2 yake jurewa, kuma zafi na motsa shi. Abin da ya yi aiki a ɗaki da sanyin Janairu, a gwada shi a rana cikin Afrilu kafin a miƙa wa manomi.

9/ Duk wanda ya sake ce maka "sayo wani", ka tambaye shi: Malam, nawa ne a UBRR ɗina? In bai sani ba, riƙe kuɗinka.