Ruwan Dilimi: A Gwada Hasken Gama a Sheda Kafin a Yanke Hukunci

Kabeji da karas da latas da ake sauke wa kasuwannin Abuja, da yawansu daga Jos suke fitowa, wasu kuma da ruwan rafin Dilimi ake ba su ruwa a lokacin rani. Wannan rafi yana ratsa tsakiyar gari, yana kwasar baƙin mai daga garejin makanikai da ruwan kwatami da ragowar maganin ƙwari. Don haka gurɓatarsa ta shafi ma'aikacin da ke cefane a kasuwar Wuse.

Akwai dafin da tacewa da sinadarin kulorin ba sa iya kawar da shi. A nan ne fasahar harba wa ruwa hasken gama ko ƙwayoyin ilektron take da amfani. Harbin yana farfasa ƙwayoyin ruwan, ya haifar da wasu sinadarai masu saurin cin duk abin da suka tarar, su kuma su wargaza maganin ƙwari da rini. Ruwan da aka harba ba ya ɗaukar tururin nukiliya. Koriya ta Kudu ta kafa irin wannan na'ura a masana'antun rini na Daegu, Sin kuma ta buɗe wata a Jiangmen a 2020, mai tsarkake lita miliyan 30 kullum.

Mutanen Filato suna da dalilin ɗari-ɗari. Haƙar kuza ta bar musu kududdufai a Bukuru da Barikin Ladi, da tarin ƙasa mai fitar da tururi mai cutarwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wajibi ne a gaya musu gaskiya: fasahar ba ta cire dalma da sauran ƙarafa daga ruwa, kuma na'urar ilektron tana buƙatar wutar lantarki marar yankewa.

Najeriya tana da cibiyar hasken gama a Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali, da hukumar NNRA mai sa ido kan harkar nukiliya. Abin da ya kamata Ma'aikatar Muhalli ta yi shi ne ta haɗa kai da Jami'ar Jos, a ɗebo ruwan Dilimi a kai Sheda, a auna shi kafin harbi da bayansa, a wallafa sakamakon da kuɗin da kowace lita ta ci. Jami'an da ke tsara kasafin kuɗi su nemi wannan sakamako a hannu kafin su sa hannu a kan kwangilar sayo kowace na'ura.