Takin bola ko takin leda?

Kafin damina, amalanke suna jerin gwano daga bololin Maradi da Damagaram zuwa gonakin hatsi. Wannan dabara ce ta kaka da kakanni, kuma ba laifi gare ta lokacin da bola toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Yau ku tona ku gani: baƙar leda ce da ledar ruwan sanyi. Manomi ya biya kuɗi, ya zuba wa gonarsa roba da sunan taki.

Masu cewa «ai rana za ta cinye ta» su saurara. Rana gutsuttsura ta take yi, har ta koma ɓarɓashin da bai kai milimita 5 ba, ya gauraye da rairayi. Wa zai tsince wannan?

Ƙasa kuma rayayyiya ce. Cikin cokali guda na ƙasa mai kyau akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta, kowane iri da aikinsa. Ku tumɓuke wake ko gyaɗa, ku duba ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa: ƙwayoyin da ke ciki ne suke kamo sinadarin azot daga iska, shi ya sa iyayenmu ke haɗa wake da hatsi. Wasu kamar zare suke, suna miƙa wa saiwa fosfor, abin da jigawarmu ta fi ƙaranci. Wasu ke ruɓar da kara. Ɓarɓashin leda yana canza yadda ruwa da iska ke ratsa ƙasa, kuma bincike ya nuna yana sauya jama'ar nan: wasu iri su yawaita, wasu su ja baya. A yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, ledar da aka shekara ana shimfiɗa wa auduga ta taru cikin ƙasa har amfani ya ragu. Tasu ƙasar ke nan, balle tamu da ke neman agaji.

Doka fa akwai ta. Tun 2014 Nijar ta hana shigowa da wannan leda da sayar da ita. Ruwanda ta hana a 2008, ta kuma tsaya kan maganarta. Mu, ko ƙosan dala biyar sai an ƙulle a leda biyu.

Mu malamai muna cikin lissafin. Ranar tsabta mu sa yara su share fili, a tara komai wuri guda, gobe mai amalanke ya kwashe. A ware rami biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda. Iyaye kuma, yaro ya tafi sayen waina da kwano.