Littattafan Raha na Ƙauyen Ingila da Ribar Ɗalibin Kimiyyar Harshe

Kwanan baya wani abokin karatuna ya tarar da ni a ɗakin karatu ina dariya ni kaɗai, da littafin Barbara Pym mai suna Some Tame Gazelle a hannuna. Da na gaya masa labarin wasu mata biyu ne, ya da ƙanwa, da suka manyanta ba aure a wani ƙauyen Ingila, sai ya ce ashe ina da lokacin ɓatawa alhali kundin digiri na jirana. Ban ja da shi ba a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na san ra'ayin da yawanmu ke nan. A ganina kuwa, irin waɗannan ƙagaggun labarai na raha da soyayya suna cikin abin da ya fi dacewa ɗalibin kimiyyar harshe ya karanta, musamman mu da muka koyi Ingilishi daga littafin nahawu bayan mun sha Faransanci tun firamare.

Wannan nau'in adabi yana da dogon tarihi. Jane Austen ta kafa masa harsashi da Emma a 1815, Elizabeth Gaskell ta biyo da Cranford a 1853. A ƙarni na ashirin aka samu E. F. Benson da Mapp and Lucia a 1931, Stella Gibbons da Cold Comfort Farm a 1932, sai Pym da ta fara bugawa a 1950. Zubin nasu kusan ɗaya ne: ƙaramin gari, limamin coci da iyalinsa, likita, tsohon soja, ƴan matan da aure ya wuce su, liyafar shan shayi, da tambayar wa zai auri wa. Ba yaƙi, ba kisa. Abin da ya rage wa marubuci ya riƙe mai karatu da shi shi ne magana, kuma nan ribarmu take.

A aji mun karanta yadda Paul Grice ya bayyana, a maƙalarsa ta 1975, cewa abin da mutum ya furta daban, abin da yake nufi daban, mai saurare ne ke cike giɓin. Mun karanta littafin Penelope Brown da Stephen Levinson na 1987 kan ladabin magana da kare mutuncin abokin zance. Misalan da ake ba mu jimloli ne guntaye, waɗanda aka yanko daga muhallinsu. A littattafan Benson kuwa, babi bayan babi, mata biyu ne ke takarar sarautar garin Tilling, kowace tana kiran ƴar'uwarta da sunayen ƙauna alhali gugar zana take yi mata. Yabo a nan zambo ne, gayyata kuma ƙalubale. Wanda ya iya nahawun Ingilishi kawai zai karanta shafin ya ga aminai biyu. Wanda ya gane shaguɓen shi ne ya fara jin harshen da gaske. Bahaushe da ya tashi cikin habaici ba baƙon wannan fasaha ba ne, abin da yake buƙata shi ne ya ga yadda wata al'umma ke sarrafa tata.

Haka kuma batun matsayi da zaɓen kalma. A 1954 masanin harshe Alan Ross ya wallafa nazari kan kalmomin da ke bambanta manyan gida na Ingila da masu neman shiga sahunsu, Nancy Mitford kuma ta yayata shi a shekarar da ta biyo. Abin da zai ba ɗan Nijar mamaki shi ne, kalmomin da ke da ƙanshin Faransanci, irin su serviette da pardon, su ne aka lissafa a matsayin alamar mai ƙoƙarin kai kansa inda bai kai ba. Marubutan raha sun riga masana lura da wannan. Lucia, tauraruwar Benson, tana yayyafa ƴan kalmomin Italiyanci a zancenta don a ɗauka ta ƙware, har ranar da aka ce ga wata mai jin harshen sosai za ta ziyarci garin, sai ta kwanta ciwon ƙarya. Duk wanda ya taɓa jin ɗalibi ya koma gida hutu yana cusa Faransanci a hirarsa da kakarsa, ya san abin da Benson ke nufi. Surka harshe don neman girma darasi ne na ilimin walwalar harshe, ga shi an ba mu shi cikin dariya.

Gibbons ta koyar da wani abu dabam. Ta rubuta Cold Comfort Farm ne don yi wa marubutan da ke cika labaran karkara da baƙin ciki da karin harshe mai kauri ba'a. Saboda haka ta ƙirƙiro kalmomi irin su sukebind, sunan wata shukar da babu ita, ta sa su a bakin manoman Sussex, suka zauna daram kamar na gado. Dalili shi ne ta bi tsarin sauti da ƙirar kalmar Ingilishi sau da ƙafa. Wannan ya isa ya sa mai nazarin karin harshe ya yi hattara: abin da marubuci ya sa a bakin baƙauye sau da yawa tunanin ɗan birni ne game da yadda baƙauye ke magana.

Akwai hujjoji biyu da za a iya kawowa a kaina, kuma ban raina su ba. Ta farko, zancen cikin littafi ba zancen baka ba ne. An tace shi, an cire in'ina da katse juna da maimaici. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a ɗauke shi a madadin naɗar murya a fagen bincike ba. Amfaninsa shi ne horar da kunne, da nuna abin da masu harshe suka yarda cewa magana kaza tana nufi. Ta biyu, ƙauyen da littattafan ke zanawa ƙauyen masu hali ne. Barori da ƴan ƙwadago sukan bayyana ne don a yi dariya da lafazinsu, daular da Ingila ta shimfiɗa a ƙasashen waje kuwa daga nesa ake hango ta. A littafin Pym da na ambata, Afirka ba ta wuce wurin da wani bishop ya dawo daga gare shi yana neman mata ba. Wannan ma gaskiya ne, sai dai shi kansa abin nazari ne: wa aka ba cikakkiyar jimla, wa aka rubuta maganarsa a karkace, kuma me ya sa?

Tarihin Pym yana da abin lura. Ta yi shekaru da dama tana aiki a Cibiyar Nazarin Afirka ta Duniya da ke Landan, tana taimakawa wajen tace mujallar Africa, inda masana ke bayyana al'adu da harsunan nahiyarmu. Ita kuwa sai ta juya wannan idon bincike kan mutanenta. A 1963 kamfanin da ke buga mata littattafai ya ƙi karɓar sabon aikinta, aka ce yayin irinsa ya wuce. Ta yi shekara goma sha huɗu ba a buga mata sabon labari ba, sai a 1977 da mawaƙi Philip Larkin da manazarci David Cecil suka ambace ta a matsayin marubuciyar da aka fi tauye wa haƙƙi. A shekarar nan littafinta Quartet in Autumn ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Booker.

Irin rainin da aka yi mata shi muke yi wa littattafan soyayya na Hausa da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Ayyukan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino cike suke da gaisuwa, alkunya, zancen saurayi da budurwa da habaicin kishiyoyi, amma sau nawa muke tunanin su idan ana neman abin da za a gina kundi a kansa? Ina roƙon malamanmu su riƙa sa babi ɗaya daga Benson ko Pym kusa da babi ɗaya daga marubutanmu a darasin ma'ana da muhallin magana, a bar ɗalibai su fito da yadda kowane ɓangare ke ƙin abu ba tare da ya ce a'a ba. Abokin nawa ma na ba shi aron littafin, har yau bai dawo da shi ba.