Ɗaki Ɗaya Ke Kashe Batir

Muna so mu jawo hankalin akawuna da malaman makaranta na ƙasar Zuru ga wata ɓarna da ake yi wa dukiyar jama'a ba da niyya ba. Da zarar motar hukuma ta ƙi tashi, sai direba ya ce batir ya mutu, akawu ya rubuta takardar sayen sabo, ba wanda ya tambayi abin da ya kashe shi. Mu a ganinmu bai kamata a sa hannu a wannan takarda ba sai an auna.

Batirin dalma, wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙago a 1859, ɗakuna ne a jere. Na mota yana da shida, kowane da faifayen dalma a cikin ruwan asid. Ɗaki mai lafiya, in ya cika da caji, yakan ba da wajen bolt 2.1, watau shida ɗin su tashi 12.6. To, da yake lantarki sai ya ratsa su ɗaya bayan ɗaya, lalacewar guda ta isa ta kwantar da mota tsakanin Mahuta da Koko. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Awon ba shi da wuya. A yi caji, a bar batir ya kwana, sa'an nan a ɗora mita. In ta nuna 12.6, lafiya lau. In 12.2 ce, cajin rabi ne, sai a duba na'urar cajin motar tukuna. Amma in ta tsaya wajen 10.5, lalle ɗakuna biyar ke aiki, na shida ya haɗe a ciki, wannan kuwa sai sabo. Batir mai murafu ana iya bin ɗakunansa da haidiromita, bututun gilashi mai auna nauyin ruwan: cikakken ɗaki yakan nuna wajen 1.265, wanda kuwa ya gaza 'yan'uwansa da 0.050 shi ne mai ciwo.

Sau da yawa ciwon daga hannunmu yake. Zafin Maris da Afrilu yana ƙarar da ruwan ɗaki, asid kuwa yana nan, saboda haka tataccen ruwa kaɗai za a ƙara. Ruwan rijiya yana da gishirin ƙasa mai ɓata faifaye. Batir kuma in ya daɗe ba caji, kamar na motar makaranta lokacin dogon hutu, farin gishiri yakan daskare a kan dalmar har ta daina karɓa.

Akwai abin da ya fi kuɗi. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, maƙwabciyarmu. Dalmar mataccen batir guba iri ɗaya ce, don haka kada a bari a fasa shi ko a narke shi a tsakar gida.

Roƙonmu biyu ne. Kowane ofishi ya buɗe rajistar batura, a rubuta awon kowanne wata-wata. Malamai kuma su kai batir da mita cikin aji, yara su ninka 2.1 sau shida, su ga amsar da idonsu. Allah ya sa mu gane.