Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni

Duk wanda ya ci kasuwar Filinge ran Lahadi, ko ya halarci buki a ƙasar Kurfai, ya ga samari riƙe da wayar salula suna ɗaukar hoto mai motsi. Wannan abin farin ciki ne. Amma in aka tambayi waɗansunsu ina fim ɗin da suka shirya, sai su ce suna jiran kamara babba, ko sabuwar waya daga Yamai. Hirarsu duka ta komo kan sunan na'ura da kuɗinta, labarin da za a bayar kuwa babu mai zancensa.

Tarihin Kurfai kansa ya isa darasi. A shekarar 1925, a garin Shikal, aka fara jin labarin ƴan Hauka, masu kwaikwayon hafsoshin Nasara, a ƙarƙashin wata mace mai suna Shibo. Mulkin mallaka ya kama su, ya ɗaure su. Daga baya ƴan ci-rani suka kai al'amarin ƙasar Gwalkwas, wadda ake kira Gana a yau. A can ne Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauke su a 1954, cikin fim ɗinsa Les Maîtres fous. Kamararsa ƙarama ce, irin wadda ake yi wa wani kamar agogo, ba ta kai rabin minti sai ta tsaya. Duk da haka fim ɗin ya ci lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 1957. An yi gardama ƙwarai a kan yadda ya nuna baƙar fata, ana kuma yi har yanzu. Abin lura shi ne, labarin da aka haifa a Kurfai baƙo ne ya ba duniya shi, da na'urar da wayar kowane yaro ta fi ta a yau.

Magabatan silima na Nijar ma ba su jira kaya ba. Mustafa Alasan ya fara da nuna wa jama'a inuwar zanensa da hasken fitila, kafin ya shirya Aouré a 1962. Umaru Ganda, tsohon soja kuma ɗan dako a Abijan, rayuwarsa ya zuba cikin Cabascabo, sa'an nan a 1972 ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu da Le Wazzou polygame. Dukansu sun san abin da za su faɗa tun kamara ba ta zo hannunsu ba.

Ba a ce kayan aiki banza ne ba. Murya in ba ta fita sarai, mai kallo zai tashi. Amma maganin wannan bai wuce a matsa kusa da mai magana ba, a kauce wa iska, a ba rana baya. Abin da kuɗi ba su saye shi ne haƙurin zama gaban tsoho, da neman izininsa, da sanin mafarin zance da ƙarshensa.

Lokaci kuwa ba ya jira. Waɗanda suka ga zamanin Shibo sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka sha wuyar farin 1973 da na 1984 a Dallol Boso sun tsufa, haka ma makiyayan da suka yi rayuwarsu da shanun Azawak a Tukunus. Kowace damina ana rasa waɗansu, kowane kuwa da labarinsa yake tafiya.

Saboda haka ya kamata malaman makaranta da shugabannin samari su tura yara wurin kakanninsu da wayar da ke aljihunsu. Saurayin da ya ɗauki minti biyar na tsohuwa tana faɗin yadda aka tsira a shekarar yunwa ya yi wa ƙasa aikin da mai jiran kamara bai yi ba.