Haukan Maris: kada a rufe wa ƙananan jami'o'i ƙofa

A wannan karo za mu leƙa Amurka, inda kowace shekara ake wata gasar ƙwallon kwando ta ɗaliban jami'o'i, wadda su da kansu suke kira Haukan Maris. Mako uku ake yi ana fafatawa, daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu. Kafin a fara, miliyoyin mutane kan cika takardar jadawali, kowa yana hasashen wanda zai kada wani har zuwa wasan ƙarshe. Shugaba Barak Obama ma ya riƙa cika tasa gaban kamarar ESPN tun daga shekara ta 2009. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, akwai wani abu mai daraja cikin wannan gasa, kuma kwaɗayin kuɗi na neman ɓata shi.

An fara wannan gasa ta hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA cikin shekara ta 1939 da ƙungiyoyi 8 kacal, jami'ar Oregon ta ɗauki kofi. A 1985 aka kai 64, a 2011 kuma 68. Bari mu ɗauki gasar 2025 misali. Gurbi 31 na zakarun rukunonin jami'o'i ne: duk wadda ta ci kofin rukuninta ta shiga, komai ƙanƙantarta. Sauran 37 wani kwamiti ne ya zaɓe su. Ƙungiyoyi 8 suka yi wasan share fage a garin Dayton na jihar Ohayo, 4 suka fita, saura 64. Aka raba su shiyya huɗu, kowace shiyya da ƙungiya 16 da aka jera bisa ƙarfi. Ta 1 ta kara da ta 16, ta 2 da ta 15, haka har ta 8 da ta 9. Ranar Alhamis wasa 16, ranar Juma'a wasa 16, Asabar da Lahadi zagaye na biyu. Wasan ƙarshe daren Litinin ake yin shi, wajen ƙarfe 2 na dare agogon Nijar.

Doka guda ce ke riƙe da wannan tsari duka: wasa ɗaya ne, babu ramuwa. Masu bin kokowar takobi a ƙasarmu sun san ɗanɗanon wannan, wanda aka kada sau ɗaya ya bar zancen takobi sai baɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Babbar jami'a mai kuɗi da suna, in ta tashi da rashin sa'a na minti 40, ta koma gida. A 1983 Hakim Olajuwon, ɗan Legas, yana cikin ƙungiyar Houston da kowa ya ba kofi tun kafin a shiga fili, amma North Carolina State ta doke su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe. A 1985 Villanova, wadda aka ba lamba 8, ta kada Georgetown 66 da 64 ta zama zakara. A 2018 ƙaramar jami'ar UMBC ta jihar Maryland, mai lamba 16, ta lallasa Birjiniya mai lamba 1 da ci 74 da 54, abin da ba a taɓa gani ba a gasar maza. A 2023 Fairleigh Dickinson ta biyo ta Dayton, ta zo ta fidda Purdue da ci 63 da 58.

Irin waɗannan ranaku ne suka sa mutanen da ba su damu da ƙwallon kwando ba suke zama gaban talabijin. Kuma su ne suka sa cika jadawali daidai ya zama abu mai wuya ƙwarai. Wasa 63 ne za a hasashe, hanyoyin cika takardar sun haura miliyar 9 sau miliyar guda. A 2014 attajiri Warren Buffett ya tsaya wa kyautar dala miliyar ɗaya ga duk wanda ya cika ta ba kuskure. Babu wanda ya ci.

To, ina matsalar take? Kuɗi. A 2016 tashoshin CBS da Turner sun sabunta kwangilar nuna gasar a kan dala miliyar 8 da miliyan 800, na shekara 8, har zuwa 2032. Ana raba wa rukunoni kason kuɗi gwargwadon yawan wasan da ƙungiyoyinsu suka buga. Kenan rukunin da ya fi cusa ƙungiyoyi shi ya fi kwasa. A 2025 rukunin SEC, mai jami'o'i 16, ya shigar da 14. Duk da haka, cikin wannan shekara shugabannin suka yi ta muhawarar a ƙara yawan ƙungiyoyi zuwa 72 ko 76. Lissafin ba shi da wuya: zakarun rukunoni sun riga sun samu gurbinsu, don haka duk gurbin da aka ƙara kwamiti ne zai raba shi, kuma mun ga inda hannun kwamiti ya fi karkata.

Masu goyon bayan ƙari suna da hujjarsu, ba za mu ɓoye ta ba. Sun ce jami'o'in da ke babban aji sun haura 350, ya kamata ƙofa ta ƙara faɗi. Sun kuma tuna mana cewa VCU a 2011 da UCLA a 2021 daga wasan share fage suka taso har suka kai cikin huɗun ƙarshe. Gaskiya ne. Amma mu duba su wa ake turawa Dayton. A tsarin 2011, rabin masu zuwa can zakarun ƙananan rukunoni ne. Yaran da suka ci kofin rukuninsu da guminsu, sai a ce su fara kada junansu kafin su ga babban fili, alhali wata babbar jami'a da ta ƙare ta takwas a rukuninta ta wuce kai tsaye. Wannan ba adalci ba ne.

Ga kuma wani nauyi da ya hau kan ƙanana. Tun 2021 ɗalibi yana iya karɓar kuɗi da sunansa, sauya jami'a kuma ya yi sauƙi. Hakkin yaran ne, mun yarda. Sai dai duk gwanin da ya haska a ƙaramar jami'a, manya na jiran shi da jaka a buɗe. A 2025 dukan ƙungiyoyi huɗu masu lamba 1 ne suka kai kusa da ƙarshe, karo na biyu kenan bayan 2008, Florida ta ci Houston 65 da 63.

Ra'ayinmu a nan shi ne, ko nawa za a kai yawan ƙungiyoyi, zakaran rukuni ya shiga babban jadawali kai tsaye. Wasan share fage a bar wa waɗanda kwamiti ya yi wa alfarma, su nuna sun cancanta. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ranar da ƙaramar jami'a ta rasa hanyar haɗuwa da babba, masu cika takarda za su san amsa tun kafin a busa usur, kuma ba wanda zai hana idonsa barci don kallon abin da ya riga ya sani.